Fure na Shida

Rana ta yi ja, ta sauka bayan tankin ruwan maƙwabta, gidan ya yi irin shirun nan da yakan yi kafin a kira magariba. Gwaggo tana zaune a bakin ƙofar kicin tana tsince shinkafa. Auta tana kwashe shanya daga igiya, tana ɗora kayan a kafaɗa ɗaya bayan ɗaya. Sai ƙofar waje ta bugu da bango, yadda mutum ɗaya tak yake buɗe ta a gidan, maigidan ya shigo da warin fenti da man inji, hannu ɗaya a aljihu, baki har kunne.

Sheƙi ake ce masa. Mai gyaran jikin mota ne, shekara talatin yana buga ƙarfe yana gogewa, kuma a gareji ya samo sunan, don mota ba ta fita daga hannunsa sai mutum ya ga haƙoransa a jikin ƙofarta. Gwani ne, babu musu. Amma irin gwanayen nan ne da suka iya abu ɗaya suka ɗauka da shi aka halicci duniya. Ko ƙwai ka ba shi ya riƙe maka, sai ya waiwaya yana neman samfefa.

"Auta, zo ki ga aikin ubanki," in ji shi. "Rufe ido, miƙo hannu."

Akwai wata munduwar azurfa a gidan, ta marigayiya uwar Auta, wadda ta rasu shekara uku da suka wuce. Uban marigayiyar maƙerin azurfa ne, kuma munduwar ce abu na ƙarshe da ya ƙera. Fure bakwai ya zana a kewayenta, ƙanana kamar ƙwayar wake, kowanne da ganyensa da jijiyarsa, baƙi kwance a cikin zanen yana fito da shi. Tun ranar da aka binne uwar, Auta ba ta raba hannunta da ita ba. Da ita take yanka albasa, da ita take soya ƙwai, a kanta take fesa turare. Da ƙuraje suka feso mata a damtse ta shafa man farar wuta, ta ga munduwar ta fara dushewa, sai ta cire ta, ta naɗe ta da robar ɗaure gashi, ta ajiye a tagar banɗaki inda laima ba ta yankewa. Bayan mako biyu ta ɗauko ta baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ta zauna ta yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Gwaggo yayar Sheƙi ce, ita ta riƙe gidan tun bayan rasuwar, kuma kowa Gwaggo yake ce mata, har shi ƙanen nata. Ta juya munduwar a tafin hannu ta ce, "Ba lalacewa ta yi ba, 'yar nan. Azurfa ce, haka take nuna fushinta. Ba ta shiri da farar wuta, ba ta shiri da roba, ba ta shiri da laima. Bari in samu sarari. Ruwa mai ɗumi, ɗan sabulu, ƙyalle mai laushi, a bi ta a hankali, za ta huce."

A hankali. Duk cikin maganar 'yan Adam babu abin da Sheƙi ya tsana kamar wannan. Kukan 'yarsa ya tsaya masa a rai, da sassafe ya zura munduwar a aljihu ya fice bai gaya wa kowa ba.

To yanzu ga shi ya zura mata ita a hannu, ya ja da baya yana jiran yabo. Auta ta buɗe ido.

Munduwar tana walƙiya kamar madubin sabuwar mota. Babu baƙi ko ɗis. Babu fure kuma. Ta yi sumul, ta yi siriri, ta koma kamar zoben labule. Fure ɗaya ne ya tsira, can kusa da bakinta, inda yatsunsa suka riƙe ta.

Gwaggo ta ajiye farantin shinkafa a ƙasa. "Sheƙi, me ka yi mata?"

"Minti biyu!" in ji shi. "Kina nan kina lissafin ruwa mai ɗumi, ni minti biyu na gama."

"A inji ka sa ta? Azurfa? Kai wai bambar mota ka ɗauke ta?"

"Ƙarfe dai ƙarfe ne, Gwaggo."

"Ina furannin?"

"Datti ne ya cika su. Ba ki ga yanzu ta yi tsaf ba?"

Ka ji mutum! Ya share aikin da ya girmi 'ya'yansa, yana cewa ta yi tsaf.

Auta ta dubi hannunta. Tana tsaye da kaya a kafaɗa, tana shafa wurin da furannin suke da babban yatsa. A lokacin ne wani abu ya faɗo a kwanon rufi, ƙwal, ya gangaro a hankali, ya faɗo tsakar gida ya tsaya a gaban ƙafar Sheƙi. Noti ne, da sauran baƙin mai a jikinsa. Iska ta ɗauke. Wani wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, daga cikin bangon kicin kuma aka fara jin bugu, ɗan ƙarami, mai haƙuri, tak, tak, tak, kamar ƙaramar guduma a kan ƙarfe mai laushi.

Aka kira salla. Bugun ya tsaya. Auta ta juya ta dubi ƙofofi ukun da suke tsakar gidan, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe.

"Gwaggo," ta ce, "wanne ne ɗakina?"

Suka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ko'ina ba. A ɗakin aka haife ta.

Da dare Gwaggo ta so ta cire mata munduwar. Ta sa sabulu, ta sa mai, munduwar da a da take zamewa da kanta ta ƙi wuce wuyan hannu.

Washegari da almuru noti biyu suka faɗo, warin ya dawo, bugun ya dawo. Da gari ya waye Auta ta tafi shagon ɗinkin da take aiki, ta zauna a gaban keken da ta yi shekara huɗu tana takawa, ta riƙe zare tana kallonsa ba ta san ta inda zai shiga ba. Mai shagon ce ta rako ta gida da kanta. Aka kai ta asibiti, aka haska, aka auna, aka ce lafiyarta ƙalau, ta dai huta.

A yammaci na uku yayarta ta zo daga gidan mijinta da jariri a baya. Bugun yana tsayawa Auta ta fito, ta dubi wadda suka kwana a katifa ɗaya shekara goma sha biyar, ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Wa kike nema?"

Sheƙi ya hau rufin da sifana a hannu yana zage-zage, yana cewa duk ɗan iskan da yake jifan gidansa ya fito su gwada. Bai samu kowa ba sai kwano mai ɗumi. Da ya sauko ya tattara notin ya duba. Nasa ne. Daga gwangwanin da yake ƙarƙashin injin goge ƙarfe suka fito, a garejin da ya kulle da hannunsa, mabuɗin yana aljihunsa.

Yammaci na huɗu shi ne ya karya Gwaggo. Auta ta tsaya a falo gaban hoton uwarta, ta karkata kai, ta yi murmushi ta ce, "Kai, wannan kyakkyawa ce. 'Yar'uwarku ce?" Gwaggo ta sauke hoton ta kife shi a cikin akwati, ta shiga kicin ta toshe baki da gyale.

Na biyar Gwaggon ce da kanta. Ta kawo wa yarinyar shayi, yarinyar ta ja jiki ta ɓuya a bayan ubanta tana raɗa, "Baba, su wane ne mutanen nan da suka cika mana gida?" Kuma don a san irin zuciyar ɗan Adam, a cikin duk wannan tashin hankalin Sheƙi ya ji wani ɗan daɗi ya ratsa shi. Kowa ta manta, ban da shi.

Gwaggo ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta iya ƙidaya. Ta tare shi a ƙofa ta ce, "Fure shida ka goge. An ɗauki biyar. In kana da sauran taurin kai ka ajiye shi, gobe malami zai zo."

Malamin tsoho ne, siriri, da tabarau mai kauri da zoben azurfa da ya sha hannu har ya yi laushi. Ya iso bayan la'asar, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Auta a gabansa. Bai fara duban fuskarta ba. Hannunta ya duba, ya daɗe yana duban munduwar, sannan ya ɗago ya dubi Sheƙi ta saman tabarau.

"Kai ne mai aikin?"

"Ni ne, Malam. Gyara na yi niyya."

"Na gani," in ji Malam.

Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Inuwar katanga ta tako a hankali har ta rufe tabarmar. Tsuntsayen da suke kan waya suka tashi gaba ɗaya. Warin ya taso, ya yi kauri har yayar Auta ta rungume jaririnta ta koma bakin ƙofa. Noti shida suka faɗo a jere, babu gaggawa a tsakaninsu. Sai kan Auta ya sunkuya, bayanta ya tanƙware kamar na wadda ta shekara saba'in, yatsunta suka haɗu kamar tana riƙe da ɗan ƙarfen zane. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, busasshiya, kamar ana jan zarto a kan ƙarfe.

"Ya isa, mai tabarau. Ina ji. Ba kurma ba ce ni."

"Wace ce ke, me ya kawo ki jikin yarinyar mutane?"

"Kawo ni? A gidan nan na riga ta. Da ni aka kawo uwarta."

Sheƙi ya zabura. "Ashe ke ce kika baƙanta munduwar tun farko, muguwa!"

Dariyar da aka yi ta sa kofin shayi ya motsa a kan tire. "Ji jahilci. Ƙwai da albasa, turare da man farar wuta, roba da laimar banɗaki, duk ku kuka tara mata, sannan ka ɗora wa aljana? Wannan baƙin na kowa ne, ko a gidan waliyyi azurfa sai ta yi shi. Ƙyalle yana ɗauke shi. Yayarka ta gaya maka, kunnenka ne injin ya toshe."

"Zauna," in ji Malam, bai dube shi ba. Sheƙi ya zauna.

"Baƙi biyu ne a jikin azurfa," muryar ta ci gaba. "Akwai na sama, na ƙazanta. Akwai na cikin zane, wanda maƙeri yake zubawa da gangan don furen ya fito. A cikin wannan nake kwana. Shekara arba'in ina zaune a gindin zugazugin maƙerin nan, kakan yarinyar, bai taɓa watsa ruwa a garwashi bai yi sallama ba. Da idonsa ya mutu, ya zauna yana kuka don ba zai iya yi wa 'yarsa munduwa ba, ni na riƙe masa hannu. Yammaci bakwai, fure bakwai. Mu ba ma barin komai da idon mutum yake gani. Ni na bar wannan, shi kaɗai. Da ya mutu na shiga cikin zanen na kwanta, ban tsorata kowa ba, ban fasa ko cokali ba. 'Yarsa, uwar yarinyar nan, ta sani. Duk mako sai ta goge saman da tsohuwar rigar auduga, ta bar mini cikin, ta naɗe ta a ƙyalle da ɗan guntun alli don laima. Sai ga wannan." Yatsan Auta ya miƙe ya nuna Sheƙi. "Minti biyu, in ji shi. Har yana dariya."

"An zalunce ki," in ji Malam. "Amma yarinyar ba ta yi miki komai ba, kuma kin san hukuncin mai ɗaukar fansa a kan wanda bai ci ba. Ki mayar mata da abin da kika ɗauka ki fita, ko in ci gaba da karatu har ki ƙone."

"Ƙona ni mana. Abin da na haɗiye yana cikina. Ɗakinta, ɗinkinta, 'yar'uwarta, uwarta, wannan tsohuwar mai shinkafa. In na ƙone, da su zan ƙone."

Rana ta kai bakin tankin ruwa.

"Na shidan fa?" Malam ya tambaya.

"Ita kanta. In ranar nan ta faɗi ba za ta san wace ce ita ba. Zan goge ta tas, in bar masa ita sumul, yadda yake son abu."

A nan ne Sheƙi ya rushe. Mutumin da ko a jana'izar matarsa bai bari an ga hawayensa ba ya zube a gwiwa yana jan jiki a kan siminti. "Ni na yi! Ga hannun, ki shanye shi. Ga ido, ki ɗauka. Ki bar mini yarinya."

"Me zan yi da hannun da bai san azurfa ba?"

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Auta ya ɗauki rawa, munduwar ta yi zafi har fatar wurin ta yi ja, muryar ta yi ƙara irin ta ƙarfe mai zafi da aka tsoma a ruwa. Da ya tsagaita, tana haki.

"Biyar zan mayar," ta ce. "Na rantse zan mayar, in fita, ba zan sake taka gidan nan ba. Amma ɗaya sai na riƙe, ko da za ka karanta har muryarka ta dushe. Ba zan fita hannu sake ba."

"Ba yarinyar ba."

"A jikina!" Sheƙi ya yi ihu. "Ko mene ne, a jikina ki ɗauka!"

"Sheƙi, yi shiru!" in ji Gwaggo, amma magana ta riga ta fita.

Fuskar Auta ta yi wani murmushi da ba nata ba. "Ka ji, mai tabarau. Shi ya bayar, da bakinsa, a gaban shaidu. To shi na ɗauka."

Malam ya rufe ido na ɗan lokaci. Ya gane, tun kafin sauran su gane. "Babu horon da ba shi da ƙofa," ya ce. "Faɗi ranar da za ki saki."

"Ran da furannina shida suka koma wurinsu. Nawa, ba na wani maƙeri ba. Ya sa su a inji mu gani."

Aka ji tak, sau ɗaya, a cikin bango. Warin ya ɗauke kamar an buɗe taga. Munduwar ta zame daga hannun Auta da kanta, ta gangara a kan siminti, ta yi kewaye ta kwanta. Daga nesa aka kira magariba.

Auta ta buɗe ido. "Gwaggo, ƙishirwa nake ji." Gwaggo ta fashe da kuka. Yarinyar ta hango yayarta ta ce, "Yaya, yaushe kika zo ba a tashe ni ba? Kawo jaririn in ɗauka." Ta leƙa falo ta ce, "Wa ya sauke hoton Mama?" Sannan idonta ya sauka a kan wani mutum mai kayan aiki da yake durƙushe a gabanta, fuska jiƙe da hawaye, yana miƙo mata hannu biyu. Ta ja gyalenta da sauri ta rufe kai.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "baƙo muka yi?"

A bakin ƙofa Malam ya sa takalminsa, ya miƙa wa Sheƙi munduwar. "Ƙarfen zane yana shiga fiye da inda ido yake gani," ya ce. "Wataƙila injinka ya bar sawu. Ka bar ta ta yi baƙi, sannan ka goge saman kawai, da ƙyalle mai laushi, ba toka, ba yashi, ba komai mai kaushi. In akwai saura, baƙin zai zauna a ciki ya nuna maka. Kada ka danna. Duk dannawa azurfa kake ci."

"Kwana nawa, Malam?"

Malam ya dube shi ta saman tabarau, ya juya ya tafi.

An gaya wa Auta komai. An nuna mata hotuna, an ba ta labarin yadda yake goya ta a wuya zuwa gareji tana ƙarama. Ta saurara, ta yarda, don Gwaggo ba ta ƙarya. Tana ce masa Baba. Tana gaishe shi da safe a durƙushe, da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa uban ƙawa. Ranar farko da ta haɗa masa shayi, ita da take haɗa masa tun tana shekara goma, ta tsaya da cokali ta tambaye shi sukari nawa yake sha.

Shi kuwa ya koma mai kiwon baƙi. Duk wanda yake da azurfa ɓoye ta yake yi daga ƙwai da laima. Shi sai ya dafa ƙwai ya fasa, ya rufe shi da munduwar a cikin kwano, ya jira ta yi duhu, sannan ya zauna a bakin ƙofa da yamma da guntun tsohuwar rigar matarsa, yana shafawa kamar mai shafa kan jariri. A wata na bakwai inuwar fure ɗaya ta fito, siririya kamar gashi. Ya yi ta kuka har maƙwabta suka leƙo. A shekara ta biyu sun zama huɗu. A ta uku, biyar.

Na shida shi ne inda ya fara ɗora ta a kan injin, da dukan nauyin kafaɗarsa, yana yin fito da baki don farin ciki. Wurin yana yin baƙi kamar ko'ina. Sai ya riƙe numfashi, ya shafa sau ɗaya, ya karkata shi wajen jan hasken yamma. Baƙin yana tafiya duka, ba ya barin ko ɗigo. Duk cikin shekarunsa na aiki bai taɓa goge ƙarfe ya yi kyau haka ba. In ya matso da shi kusa da ido, har haƙoransa yana gani.